DANSHI A TSOHON GIDA: A TOSHE HANYAR RUWA KAFIN A YI YAƁE

Wannan jawabi ne da wani dattijon magini ya yi wa magidanta da matan aure a wani taron unguwa a garin Zuru, Jihar Kebbi. Mun kawo muku shi ne domin kaka ta yi, lokacin gyaran gida ya zo.

 

An ce in yi magana a kan danshi, wato laimar da ke kama bango da daɓen ɗaki. Ni ba injiniya ba ne. Magini ne ni, ɗan magini. Da miƙa tubali na fara. Na yi ginin ƙasa, na kuma yi na bulo da siminti.

Yanzu an kai amfani gida, ɗan kuɗi ya shigo hannu. Wani zai yi wa ɗansa aure. Wani ya bar aikin soja ya dawo gida, yana son ya gyara gidan mahaifinsa. Abin da na zo in faɗa muku guda ɗaya ne. Kada ka sayi siminti, kada ka sayi fenti, sai ka gano ta inda ruwa yake shiga gidanka, ka toshe hanyar.

ABIN DA YA SAME MU A GIDANMU

Bari in fara da laifin kaina. Gidan mahaifinmu ginin ƙasa ne, a gindin tudu. Da yayana ya bar soja aka ba shi kuɗin sallama, sai muka ce za mu fitar da tsohuwarmu kunya. Muka cire jinka muka sa kwano. Ni da hannuna na shafe ɗakinta da siminti ciki da waje, muka yi masa fenti mai mai. Ɓaraguzan da suka rage muka baje su a tsakar gida. Kowa ya zo sai ya ce gida ya yi kyau.

Damina ta farko lafiya lau. A ta biyu tsohuwa ta ce ɗakin yana wari, tabarmarta kuma ba ta bushewa. Muka ce ai sabon siminti ne. Jikanta da ke kwana da ita ya kama tari, muka ce sanyi ne.

A damina ta uku, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa. Wajen asuba sai muka ji rugugi. Bangon gabas ya zube. Allah Ya taimake mu waje ya faɗi, ba ciki ba. Awaki biyu da ke ɗaure a gindinsa suka mutu. Tsohuwa da yaron suka fito ba ko ƙwarzane.

Da gari ya waye na duba. Simintin yana nan da ƙarfinsa, kamar ɓawon ƙwai. Ƙasar da ke cikinsa kuwa ta zama kamar tuwon da ya sha miya. Sai na ga kuskurenmu guda uku. Bakin kwanon gajere ne, ruwa yana zuba a gindin bango. Ɓaraguzan da muka baje sun toshe rariya, sun kuma sa tsakar gida ta fi ɗakin tudu. Siminti da fenti kuma sun hana bangon bushewa, sun ɓoye mana ɓarnar. Tsohuwa ta faɗa mana gaskiya, mu ne ba mu ji ba.

ILLAR DANSHI

Wani zai ce ai danshi ƙazanta ce kawai. A'a, illarsa ta wuce nan.

Ta farko, yana cin lafiya. Inda danshi ya zauna, fumfuna takan fito, baƙa ko kore. Tana sakin ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani, mu kuma muna shaƙa. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a kan wannan. Ta nuna cewa mazauna gida mai danshi da fumfuna sun fi fama da tari da shessheƙa da ciwon asma.

Ta biyu, yana ɓata abinci. Masara da gyaɗa idan suka yi fumfuna sukan haifar da wata guba mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya, a shekarar 2004, mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara.

Ta uku, yana kiran gara. Gara tana son wuri mai laima. Ta nan take hawa ta cinye azara da katakon rufi.

Ta huɗu, yana kayar da gini. Ƙasa tana da ƙarfi ne idan ta bushe. Idan gindin bango ya jiƙe, ba zai iya ɗaukar nauyin da ke kansa ba. Shi ya sa a watan Agusta da Satumba ake yawan jin gini ya faɗa wa mutane suna barci.

Kada mu raina tsagewar bango. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa, kusan shekara 190 da suka wuce. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasa rayukansu. Sarkin Zazzau ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bangon, ana shirin kawo masu gyara. To, in ginin Babban Gwani yana bukatar a sa masa ido, ina ga namu?

HANYOYI HUƊU DA RUWA KE BI

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka bango ba ya jiƙewa banza. Hanya huɗu ce ruwa yake bi.

Hanya ta ɗaya ita ce ta sama. Kwano ya yi tsatsa, ko ramin ƙusa ya buɗe, ko jinka ta ruɓe. In soro ne, indararo ya toshe da ganye, ko rawanin bango ya tsage. Ruwa sai ya bi kan bango ya gangara ta cikinsa.

Ku dubi yawan ruwan da rufi yake tarawa. A ce rufin ɗakinka mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi. A ce an yi ruwa mai ƙarfi, na inci 2. Ruwan da zai sauko daga wannan rufi lita 1,000 ne. Wato duro 5, ko jarka 40 mai cin lita 25. Wannan na dare ɗaya ke nan. Ka tambayi kanka, ina wannan ruwa yake zuwa? In a gindin bango yake tsayawa, ka san abin da ke tafe.

Hanya ta biyu ita ce ta gefe, wato feshi. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa. Saboda haka bangon gabas shi ya fi shan duka. Akwai kuma ruwan da ke faɗowa daga bakin kwano, ya daki ƙasa, ya fantsama a jikin bango. Shi ne yake ƙwaƙule gindin gini a hankali.

Hanya ta uku ita ce ta ƙasa. Bango yana shan ruwa kamar yadda lagwanin fitila yake shan kananzir. In ƙasar da ke gindinsa jiƙaƙƙiya ce, ruwa zai dinga hawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai a nan. Ƙasar Zuru ta fi Birnin Kebbi da Argungu samun ruwan sama. Ga mu kuma da tuddai da duwatsu. Ruwan da ya sauka a kan tudu, gidajen da ke gangare yake nufa. Sa'an nan tsohon gida yakan zama kamar ya nitse. Shekara da shekaru ana zuba shara da toka da ƙasar tsohon yaɓe a waje, har titi da tsakar gida su fi ɗaki tudu.

Hanya ta huɗu daga cikin gida take. Makewayi a jikin bangon ɗakin kwana. Randa tana tsattsafo a lungu. Wurin wanke-wanke a gindin katanga. Famfo yana yoyo. Akwai kuma tururin girki da numfashin mutane a ɗakin da ba taga. Da asuba kwano yakan yi sanyi, tururin ya zama ruwa, ya ɗigo. Mai gida sai ya ce kwano yana yoyo, alhali zufa yake yi.

YADDA ZA KA GANE HANYAR

Likita ba ya ba da magani sai ya duba marar lafiya. Ga yadda za ka duba gidanka, ba ko sisin kwabo.

Ka dubi inda tabon yake. In daga sama ya gangaro, laifin rufi ne. In a tsakiyar bango yake, a gefen gabas, feshi ne ko tsagewa. In daga ƙasa ya taso, ya yi layi kamar bakin kogi, bai cika wuce ƙugun mutum ba, to daga ƙasa yake. Sau da yawa za ka ga wani farin gari kamar kanwa a bakin layin. Gishirin ƙasa ne da ruwa ya hau da shi. Shi ne yake sa yaɓe ya yi ta zuba.

Ka ɗauki gawayi ka zagaye tabon, ka rubuta ranar. Bayan mako biyu ka sake dubawa, ka ga ko ya ƙaru ko ya ragu.

Ka shimfiɗa leda a kan daɓe, ka danne gefenta duka da bulo ko yashi. Ka bar ta kwana biyu. In ka ga ruwa a ƙarƙashinta, daga ƙasa danshin yake tasowa. In a kanta ruwan yake, iskar ɗakin ce take da laima, taga kake bukata.

Ka ƙwanƙwasa yaɓen siminti da ƙotar wuƙa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bango, akwai rami a baya.

Ka tambayi matan gida. Su suke shara, su suke ɗaga tabarma, su suka san lungun da ke wari.

Babban bincike kuwa da damina ake yin sa. Ana tsakiyar ruwa ka sa malafa ka zagaya gidanka. Ka ga inda ruwa yake zuba, da inda yake kwanciya, da inda yake fita. Da damina ake gano ciwo, da rani ake magani. In bana ba ka duba ba, tabon da ke bango da hanyar da ruwa ya zaizaye a ƙasa za su nuna maka.

YADDA AIKI ZAI BI DAKI-DAKI

Yawancinmu da yaɓe muke farawa, domin shi ido yake gani. Yaɓe kuwa kusan shi ne na ƙarshe. Ga yadda ya kamata aiki ya bi.

Na ɗaya, rufi. A sauya kwanon da ya huje, a toshe ramukan ƙusa. Bakin kwano ya fito aƙalla ƙafa 2 daga bango. In da hali a sa masa mazurari a tara ruwan a duro. Ka ga an huta da zuwa rijiya, bango kuma ya huta. In soro ne, a share indararo, a tabbata ya yi tsawo yana jefa ruwa nesa. Inda ruwan yake faɗuwa a jera duwatsu. A duba azara da katako, wanda gara ta ci a fitar da shi.

Na biyu, hanyar ruwa. A buɗe rariya. A kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, har daɓen ɗaki ya fi waje tudu da aƙalla inci 6. Amma a yi hankali, kada a tona har a tone harsashin gini. Ƙasar waje ta gangara daga bango zuwa nesa. In gidanka a gindin tudu yake, ka haƙa lambatu ta bayan gida, kamar taku 3 daga bango, ka jera masa duwatsu, ya karkatar da ruwa. A nan sai an haɗa kai da maƙwabta. Kada ka juya ruwanka ka tura wa na ƙasa da kai. Ku zauna da mai unguwa ku fitar da hanya ɗaya da za ta kai ruwan kwalbati ko rafi.

Na uku, a raba bango da ruwan cikin gida. A ɗaga randa a kan duwatsu, a janye ta daga bango. Makewayi ya samu daɓen siminti mai gangara da rariya tasa. In za a haƙa sabuwar shadda, a nisanta ta da ɗakin kwana, kuma ta yi nisan mita 30 daga rijiya.

Na huɗu, gindin bango. In ya ƙwaƙule, wannan shi ne aiki mafi haɗari. A fitar da mutane da kaya daga ɗakin. A tokare rufi da itace mai ƙarfi. Kada a buɗe gindin bango gaba ɗaya. A gyara ƙafa 2, a tsallake, a gyara wata ƙafa 2 a can gaba. Sai waɗannan sun bushe a dawo wa na tsakiya. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi. A cike da busasshen tubali, ko dutse, ana ɗaurawa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kada a cusa ɗanyen taɓo da yawa a rami, domin in ya bushe zai janye ya bar gibi. Dutse kuwa Allah Ya hore mana shi a ƙasar Zuru.

In bango ya karkata, ko ya yi ciki, ko ya tsage har hannu yana shiga, kada a yi masa kwaskwarima. A sauke shi a sake ginawa. Kuɗin sabon bango bai kai ran mutum ba.

Na biyar, a bar bango ya sha iska. A ɓamɓare duk yaɓen da ya kumbura, da wanda gishiri ya ci, har a wuce layin danshin da ƙafa 1. Ƙasar da aka kankare a kai ta nesa, kada a sake kwaɓa ta, domin gishirin yana cikinta. A buɗe ƙofa da taga. Bango mai kauri ba ya bushewa a mako ɗaya. Ka ɓamɓare a watan Nuwamba ko Disamba, iskar hunturu ta yi maka aiki kyauta, ka yi yaɓe a Fabrairu ko Maris. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina jan kunnenku da abu ɗaya. Kada a hura gawayi a rufe ɗaki wai don ya bushe, sa'an nan a kwana a ciki. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Na shida, taga. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango daban-daban, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A sa musu raga saboda sauro. Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Gado da akwati su ma haka.

Sai an gama waɗannan duka a zo ga yaɓe da daɓe.

MAGANAR SIMINTI A KAN GININ ƘASA

Na san nan ne za a yi mini gardama. Ni ba na gaba da siminti, da shi nake cin abinci. Amma kowane abu da wurinsa.

Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Yana ɗan kumbura, yana ɗan janyewa. Siminti kuwa ba ya motsi tare da shi. Saboda haka ba a daɗewa sai su rabu, simintin ya yi 'yan tsage-tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwa ma. Ya shiga ta ƙaramar kafa, ya rasa ta inda zai fita. Daga waje gida yana ƙyalli, daga ciki yana narkewa.

Iyayenmu sun san wannan. Ku dubi rumbu. A kan duwatsu ake ɗora shi, iska tana wucewa ta ƙarƙashi. A kansa ga jinka mai faɗi. Jikinsa kuma ƙasa ce da ciyawa. Shi ya sa dawa take shekara a ciki ba ta ruɓe ba. Abin da muka yi wa hatsi, shi ya kamata mu yi wa kanmu.

Yaɓen da ya dace da bangon ƙasa shi ne na ƙasa. A samu jar ƙasa mai kyau, a haɗa da yashi da yankakkiyar ciyawa, wasu sukan ƙara kashin shanu. A kwaɓa a bar ta ta kwana biyu ko uku, ana juyawa. A yayyafa wa bango ruwa kaɗan kafin a shafa. A yi shafi biyu marasa kauri, ya fi ɗaya mai kauri. Sa'an nan a bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Makuba tana ƙara wa yaɓe da daɓe ƙarfi, tana sa ruwa ya zame. Ɗorawa kuwa ga ta nan a gonakinmu. Maginan Kano da Zariya suna da wani haɗi da ake kira laso, wanda ake yi da katsin marina da gashin jima da dafara. Da shi suke shafe soraye. A ciki kuma farar ƙasa ta fi fenti mai mai, domin tana barin bango ya bushe.

Gaskiya ne yaɓen ƙasa yana son a riƙa sabunta shi. Amma ba ya ɓoye ciwo. Inda ya lalace za ka gani, ka gyara da kwando biyu na ƙasa. A garin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907. Mutanen garin sukan fito gaba ɗaya, maza da mata da yara, su sake yaɓe shi. Wannan aikin gayya shi ya riƙe shi fiye da shekara 100. Mu ma mun san gayya a gona. Me zai hana mu yi ta a kan gidajenmu kafin ruwa ya sauka?

TAMBAYOYIN JAMA'A

Wani magidanci ya ce: Baba, ni na riga na shafe gidana da siminti. In fasa shi duka?

Amsa: A'a, ɗana. Ka ƙwanƙwasa ka ji. Inda yake riƙe da bango, kuma ba danshi a ciki, ka bar shi, ka toshe tsagewar da ke jikinsa. Inda ya yi ƙarar ganga, ko gindin ya jiƙe, ka ɓamɓare ka duba abin da ke baya. Sa'an nan ka gyara rufi da hanyar ruwa. Kowace shekara ka sake dubawa.

Wata uwa ta ce: Malam, namu gidan na bulo ne, amma fenti yana ta ɓarewa daga ƙasa. Birkila ya ce mu manna tayil.

Amsa: Inna, tayil zai rufe tabon ne kawai. Ruwan zai hau ya ɓullo a saman tayil ɗin. Ginin bulo ma yana shan ruwa, in ba a shimfiɗa masa abin tare danshi a kan harsashi ba, wato abin da birkiloli suke kira difisi. Ku fara da rage ƙasar waje da gyara hanyar ruwa. A ɓamɓare filastar da gishiri ya ci, a bar bulo ya bushe, a sake da yashi mai tsabta. Sabon aikin siminti a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, balle da hunturu. Wanda kuma zai ƙara sabon ɗaki, kada ya yarda a ɗora bulo sai an shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi da ƙarƙashin daɓe.

Wani saurayi ya ce: Baba, in na yi wa ɗakin ƙasa daɓen siminti fa?

Amsa: Ana yi. Amma ka sani, danshin da daɓe ya hana fita zai nemi bango. Saboda haka ka fara busar da wajen gida. Ka zuba tsakuwa ko fasasshen dutse kamar inci 4 a ƙasa kafin ka zuba siminti. Gindin bango kuma ka bar shi da yaɓen ƙasa.

Wata matar aure ta ce: Ina wanke baƙin tabon nan, yana dawowa.

Amsa: 'Yata, zai yi ta dawowa muddin ruwan yana nan. In za ki goge, ki buɗe taga, ki ɗaura ƙyalle a hanci, ki fitar da yara. Ki goge da jiƙaƙƙen tsumma da sabulu, kada ki kankare shi a bushe ƙurar ta tashi. Yaron da tarinsa ya wuce mako biyu a kai shi asibiti. Ki kuma gaya wa maigida ya duba bayan ɗakin.

KAMMALAWA

Jama'a, kuɗin gyaran gida da gumi ake samunsa. Kada mu zuba shi a inda damina biyu za ta cinye. In kuɗinka ba zai isa komai ba, ka fara da rufi da hanyar ruwa. Fenti ya jira baɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan farko yakan sauka mana a watan Afrilu ko Mayu. Daga yau zuwa lokacin akwai isasshen lokaci. Ina roƙon kowane mai gida, in ya koma yau, ya zagaya bayan ɗakinsa kafin rana ta faɗi. Ya dubi bangon gabas. Ya dubi rariya. Ya tambayi uwargida inda ke wari. In ta faɗa masa, ya ji, kada ya yi irin tamu.

 Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu. A sauka gida lafiya.